Tuwon Mai Masaukina a Guangzhou

Abin da ya fara tarbata a Guangzhou gumi ne, kuma ba nawa ba, na bango. Na shiga ɗakin da aka ba ni a unguwar Sanyuanli, na dafa bango zan cire takalmi, sai na ji tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Na ce da mai masaukina, "Alhaji, gidan nan naka yoyo yake yi." Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, haka garin yake a irin wannan lokaci. Har madubi kuka yake." Na ce to, Allah ya sa iyakar kukan ke nan.

Sunana Asabe. A Kano aka haife ni, amma a Ikko na yi furfura. Barkono nake sayarwa, da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a wata kasuwa da ta jingina da katangar tashar jiragen ruwa. Masu cinikinmu direbobin tirela ne da na tanka 'yan Arewa, waɗanda ke kwana a layi suna jiran lodi, da matan da ke dafa musu abinci. A nan muka yaye 'ya'yanmu, a nan muka aurar da su. Sai aka wayi gari tashar na son faɗaɗa, aka ce filin da muke kai na kwantena ne. Aka kore mu zuwa wata fadama da aka cike da yashi, aka yanka wa kowace mace fegi, aka kuma ɗora sharaɗi: rumfa ta ƙarfe mai rufi, ba katako, saboda tankokin mai da ke kusa. Kwamitin masu rabon filin zai zagayo kafin Babbar Sallah, fegin da aka tarar ba rumfa an ba wani.

Sharaɗin ba laifi a baki. Laifin shi ne mutum ɗaya ke sayar da irin rumfar a garin, wani ɗan kwangila surukin wani babban ɗan siyasa, kuma farashinsa ko ka sayar da barkonon shekara ba za ka kai ba. Masu jiran fegin namu kuwa mun san su, 'yan jam'iyyarsa ne, ga zaɓe na matsowa. Da muka ji cewa daga China ake kawo rumfunan, sai matan kasuwa suka kwashe adashinsu suka ce a je tushe. Suka zaɓe ni saboda na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na aurar da 'yata ta fari, ina iya karanta allon hanya. Ladi mai kifi, aminiyata, ta ce ba don karatun ba ne, don bakina ne. Duk ɗaya.

Wanda aka haɗa ni da shi shi ne Alhaji Sabi'u, Bakano, ya daɗe a China har ya auri 'yar ƙasar. Ga wanda bai san fatauci ba, bari in faɗa masa abin da ake nufi da mai masauki. Ba mai ba ka ɗaki ba ne kawai. Shi zai ciyar da kai, shi zai kai ka kasuwa, shi zai yi maka tafinta, ta hannunsa kayanka za su shiga jirgi, ya ci la'adarsa a ciki. Da zarar ka ci tuwonsa kun ƙullu. Ba ka zagaye shi ka kai kayanka wurin wani, kuma ba wani Bahaushe mai mutunci da zai karɓe ka sai shi ya sallame ka da bakinsa. Haka kakanninmu suka yi a hanyar fataucin goro ta Gwanja, haka aka kwaso al'adar aka kawo ta har bakin tekun China.

Tuwon kuwa na ci. Gaskiya ɗaya ce, tuwon Alhaji Sabi'u da daɗi. Da hannunsa yake tuƙa na shinkafa, ya yi miyar kuka da daddawar da na kai masa tsaraba, ya hau bene da kwano ya ƙwanƙwasa min ƙofa. A garin da ko ƙamshin abincin titi ke tayar min da zuciya, wannan kwanon ya zame min gida. Idan na buɗe shi sai in ga rumfata, in ji muryar Ladi tana faɗa da masu bashin kifi, in haɗiye da ƙwalla.

Amma rumfa shiru. Kullum da safe sai ya ɗauke ni mu shiga kasuwa. Ya kai ni inda ake sayar da lema, ya kai ni inda ake sayar da tantin biki mai fulawa, ya kai ni wajen masu kujerun roba. Ya yi ta Sinanci da mai shago, mai shago ya girgiza kai ya ce "meyo". Wannan ce kalmar da na fara koya, ma'anarta babu. Na ji ta har ta fara zuwa min a mafarki. In na matsa sai ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, akwai wani lawban da zai dawo jibi." Lawban shi ne maigidan shago. Jibi ta zo, lawban ya tafi ƙauye. Wata jibin, masana'anta na gyaran inji.

Ladi na kirana kullum. "Asabe, 'yan jam'iyyar nan sun fara zuwa suna auna fegin tsohuwarmu Hajiya Kande da ƙafa, a gabanta."

"Ku ce su bari."

"Mun ce. Sun ce ai kallo kawai suke."

Jirgin ruwa kuma ba mota ba ne, ya fi wata a hanya. Ni da na ƙare rayuwata a bakin tasha na san wannan ba sai an faɗa min ba. Kowace jibi ta Alhaji, guntun filinmu ce ke tafiya.

Wata safiya ya ce yana da uzuri a ofishin biza, in huta. Ban huta ba. Na ɗaura ɗamara a cikin hijabi na gangara jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai. Na ɓata, ba sau ɗaya ba. Na fito a wata tasha na tarar da kaina a tsakiyar masu sayar da busasshen maciji da saiwoyi. Wata tsohuwa mai shara ta ga ina juyi kamar kazar da aka sare wa kai, na nuna mata hoton rumfar a wayata, ta ajiye tsintsiya ta kama gefen hijabina ta ja ni har bakin motar da zan hau, ta yi wa direba bayani, ta koma aikinta ba ta ko waiwayo ba. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da "mai tsintsiya", Allah ya san wadda nake nufi.

A can gefen unguwar Liwan motar ta ajiye ni, a layin masu kayan ƙarfe. Ban yi tafiyar kirki ba na gan ta. Rumfar, ita ɗin, ƙafafu huɗu masu naɗewa da tamfol shuɗi a kai, an kafa ta a ƙofar shago kamar tana jirana. Mai shagon wata mace ce gajeriya mai gilashi. Na yi magana a waya, waya ta juya mata da Sinanci, ta amsa, waya ta juyo min. Akwai? Akwai, sito cike. Yaushe za a iya ba ni? Gobe ma. Da ta ji an ce Najeriya sai fuskarta ta washe, ta buɗe hotunan wayarta don ta nuna min tana da abokan ciniki a ƙasarmu. Ga ta tsaye a gaban kwantena, ga rumfuna ana lodi, ga wani baƙin mutum a gefenta ya ɗaga babban yatsa yana murmushi.

Alhaji Sabi'u ne. Da hular da ya sa jiya.

Ta ce abokinta ne na shekaru, duk rumfunan da ke zuwa Ikko shi ke saye. Na zauna daɓas a kan wani kwali. Matar ta tsorata, ta kawo min ruwan zafi a kofin takarda, don su a wurinsu ruwan zafi maganin komai ne. Na sha. Na gane cewa mutumin da ke hawa bene da kwanon tuwo shi ne mai yi wa ɗan kwangilar nan sayayya. Bai sace min ko kwabo ba, bai taɓa yi min tsawa ba. Zaunar da ni kawai yake yi, yana ciyar da ni, har lokaci ya ƙure.

Daga nan na nufi titin Huanshi, inda ofisoshin masu aika kaya suke. An taɓa nuna min ƙofar wata Hajiya Mariya, 'yar zangon Kumasi, mace mai jiki da murya, wadda ke haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya. Na same ta tana cin gyaɗa tana faɗa da wani a waya da Turanci. Na zayyana mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce tana da kwantena mai zuwa Ikko da ake cikawa a satin nan.

"Amma Mma Asabe, wa ya sauke ki?"

"Alhaji Sabi'u."

Ta ajiye gyaɗar. "Kin ci abincinsa?"

"Na ci. Da yunwa zan zauna?"

"To ba zan taɓa kayanki ba."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ke ma mace ce, kin ji abin da ya yi, ki ce min ba za ki taɓa ba?"

Ta ce, "Zauna, Mma, kar ki fasa min tebur. In na karɓi baƙuwar wani yau, gobe wani ya karɓi tawa, jibi ba mai saukar da kowa a garin nan. Mu nan ba mu da sarki, ba mu da alƙali, wannan abin kaɗai ke riƙe da mu. Ki sa ya sallame ki a gaban mutane, ni kuma in ajiye miki wuri iya yadda zan iya. Amma ki sani kaya na shigowa kullum, kwantena ba ta jira."

Na fita ina huci, amma a cikin jirgi na ga gaskiyarta. Da yamma Alhaji ya ƙwanƙwasa, ya miƙo kwano. Na karɓa na ce na gode, na ajiye ban buɗe ba. Washegari ma haka. Biskit na ci da ruwan zafi, cikina na ƙugi, ƙamshin daddawata na fitowa daga ƙarƙashin murfi yana min gwalo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan kasuwarmu kan taru a wani gidan abinci na Musulmin China, a bene. A nan Baba Isufu ke zama, wani dattijo mutumin Maraɗi wanda ya riga kusan kowa zuwa garin, shi ake kai wa ƙara. Mata ba sa hawa wurin. Na hau. Na ratsa tsakanin tebura da kwano a hannu, hira ta ɗauke ɗif, na dire shi a gaban Baba Isufu na buɗe murfin. Tuwon jiya ne, ya sandare.

Baba ya dubi kwanon, ya dube ni. "Ɗiyata, lafiya? Mi ya faru?"

Na ce, "Baba, tuwon mai masaukina ne na kawo maka ka gani. Na ci shi da zuciya ɗaya tun da na zo, ashe igiya ce ake ɗaure min ƙafa da ita. Ga shi can zaune, a tambaye shi wa yake saya wa rumfuna."

Wani daga baya ya ce, "Kai, wannan Hajiyar da wuta ta zo." Na juya na ce, "Da wuta na zo, ɗana, don gidanmu ne ke ci. Kai ci shinkafarka." Aka yi 'yar dariya.

Na faɗi komai, tun daga katangar tasha har hoton waya. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na zaci Alhaji Sabi'u zai musa, na ma shirya masa amsa. Bai musa ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce ɗan kwangilar ya kira shi tun kafin in sauka, ya ce akwai wata mata da za ta zo, a lallaɓa ta har Sallah ta wuce. Ya ce, "Baba, ka san yadda kasuwa ta koma. Yanzu kowa daga gida yake oda ta waya, baƙi sun ɗauke ƙafa. Shi kaɗai ya rage min babban mai saye. In ya janye, ofishina ya rufe, in ofis ya rufe takardar zamana ta mutu. 'Ya'yana a nan aka haife su, ko Hausa ba su iya sosai ba. Ina zan kai su?"

Wallahi na so in ji haushinsa ya ƙaru, sai na ji ya ragu. Shi ma fegi yake karewa, nasa dai a China yake. Amma na tuna Hajiya Kande ana auna filinta a gabanta, na ce, "Alhaji, na ji tausayinka. Mu ma muna da 'ya'ya, kuma mu da yawa ne."

Baba Isufu ya shafa gemu. Sannan ya ce al'adar da ta hana baƙo zagaye mai masauki, ita ce ta hana mai masauki saukar da mutum alhali yana riƙe da amanar abokin gabarsa. "Da ka ce mata tun ranar farko, Hajiya, hannuna a ɗaure yake, nemi wani. Ba wanda zai zarge ka. Amma ka ba ta tuwo." Ya tura kwanon gabansa. "Sallame ta."

Alhaji Sabi'u ya ce, a hankali, "Na sallame ki, Hajiya. Ki yafe ni."

Na ce, "Sai kaya sun isa."

A ranar na koma wurin mai gilashi, washegari motar kaya ta kai rumfunan siton Hajiya Mariya a bayan gari. A nan na tarar da abin da jinkirin ya jawo. Kwantenar ta kusa cika da kayan mutane, tayil da injinan ɗinki da kwalayen takalma. Hajiya Mariya ta auna wurin da ya rage da ido, ta auna tulin kayana, ta ce, "Mma, ba zai shiga duka ba. Tamfol ɗin nan da ƙunshinsa ya fi ƙarfen cin wuri. Ko ki ɗauki rabin rumfuna cikakku, ko ki ɗauki ƙarafan kowa ki bar rufin ya biyo jirgi na gaba. Na gaba kuwa sai bayan Sallah."

Rabi cikakku na nufin rabin matan sun tsira tabbas, rabi sun rasa tabbas, kuma ni zan koma in nuna da yatsa wadda za ta rasa. Ƙarafa zalla na nufin wataƙila mu tsira duka, wataƙila mu rasa duka, don rumfa mai rufi aka ce. Sayen wani rufin a gida kuwa ba shi a lissafi, adashin ya ƙare ƙaf a tafiyar nan. Na tsaya a bakin kwantenar, ma'aikata na jirana, gumi na bin bayana. Na kira Ladi.

Ta ce, "Ke wa za ki iya kallo ki ce mata ba ke?"

Na ce, "Ba kowa."

"To me kike tambayata? Loda ƙarfe."

Ana cikin lodi sai ga Alhaji Sabi'u. Ban kira shi ba. Ya tsaya nesa kamar mai jin kunyar shiga gidan suruki, sannan ya matso ya ga ina rubuta sunan kasuwarmu da babban alƙalami a jikin ɗaurin farko. Ina alfahari da rubutun nan nawa, da wuya na same shi. Ya ce, "Hajiya, goge. Mutumin yana da yara a cikin tasha. In suka ga sunan nan, kayanki za su kwana a can har shekara. A sa alamar Hajiya Mariya kawai." Ya karɓi alƙalamin ya shafe da hannunsa, ya tuɓe riga ya kama ɗaukar ƙarfe tare da 'yan China har aka rufe ƙofa. Da zan tafi filin jirgi ya aiko min da kwano. Wannan na ci.

Kayan sun fito daga tasha ana saura 'yan kwanaki kwamiti ya zo. Muka kafa ƙarafa a kan yashi, layi-layi, tsirara kamar ƙashin kifi. 'Yan jam'iyyar nan suka zo suna dariya, ɗaya ya ce, "Hajiya, rumfar taku iska za ta sha?" Na ci gaba da kafa ƙarfena, abin da ya ba duk wanda ya san bakina mamaki.

Ranar zagayen, tun da sassafe mata suka fara isowa da ƙunshi a ka. Kowace ta buɗe akwatinta ta kwaso zannuwa. Atamfar da aka adana don biki, leshin da aka sa sau ɗaya, zanen goyo da ya goyi 'ya'ya har suka yi aure. Hajiya Kande ta kawo na lefenta, wanda ya fi wasu 'yan kwamitin shekaru. Aka ɗinka biyu-biyu da zaren buhu, aka ɗaure a kan ƙarafa. Kafin rana ta take, fadamar nan ta zama kamar an shanya kayan duk amaren Ikko.

Shugaban kwamiti ya sauko daga mota ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Wannan mene ne?"

Na ce, "Rumfa, ranka ya daɗe. Ƙafa ta ƙarfe, ga rufi. Shiga ka ji ko rana za ta taɓa ka."

Direbobin tirela sun cika wurin, sun zagaye mu, da yawa sun ɗaga waya suna ɗauka. Zaɓe saura ƙiris. Mutumin ya dubi wayoyin, ya dubi zannuwan, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin lefen Hajiya Kande ya ɗaga kai. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai kalli kowa ba, ya ce da na bayansa, "Akwai rufi. Mu je gaba."

Tamfol ya iso bayan Sallah, muka sauke zannuwa, rana da ruwan sama sun cinye launinsu, wasu ba su ƙara ɗauruwa ba. Na ji daga bakin Hajiya Mariya cewa ɗan kwangilar ya janye daga Alhaji Sabi'u, yanzu a sitonta yake taimakawa da tafinta, yana ta fafutukar takardarsa. Na auna daddawa mai kyau da kuka da barkono, na ba wani mai tafiya ya kai masa. Na ce ya faɗa masa kaya sun isa.